Benjamin Franklin, Yaron Maɗaba'a da Ya Sa Hadari Kaɗa Ƙararrawa

'Yan uwa ɗalibai, filinmu na tarihin fitattun mutane a wannan makon ya leƙa Amurka ne, wurin mutumin da hotonsa ke jikin takardar dala 100. Da yawa sun san shi a matsayin ɗan siyasa, amma mu abin da ya ja hankalinmu shi ne hulɗarsa da lantarkin sama.

An haifi Benjamin Franklin a birnin Boston ranar 17 ga Janairu, 1706. Mahaifinsa sabulu da kyandir yake yi, kuma 'ya'ya 17 gare shi, don haka kuɗin makaranta bai ishi kowa ba. Shekara biyu kacal Benjamin ya yi a aji. Yana ɗan shekara 12 aka kai shi koyon aikin ɗab'i wurin yayansa James. Zama bai yi daɗi ba, har da duka, sai ya gudu Filadelfiya yana da shekara 17. A can ya kafa maɗaba'arsa, ya mallaki jarida, ya yi arziki. A 1748 ya miƙa wa abokin kasuwancinsa ragamar maɗaba'ar domin ya samu lokacin bincike.

A zamanin babu batir, babu janareta. Lantarkin da aka sani shi ne na gogayya, irin wanda kuke gani da hunturu idan kun goga biro a gashi ya ɗauki guntun takarda. Ana tara shi a cikin kwalbar Leyden, wato kwalbar gilashi da aka shimfiɗa wa ƙarfe ciki da waje. Franklin ne ya raɗa wa nau'o'in cajin biyu sunayen da muke rubutawa da alamar tarawa da ta ɗebewa a darasin kimiyya.

A shekarar 1748 ɗin ya ƙera abin da ya kira wilin lantarki. Ya tsayar da sanda, ya soka mata siraran gilasai kusan 30 a kewaye kamar sifokin keke, kowanne da 'yar hular tagulla a bakinsa, irin wadda tela ke sa wa yatsa. Sai ya ajiye kwalabe biyu masu caji mabambanta, ɗaya a kowane gefe. Kwalba za ta jawo hular da ke kusa, ta ɗana mata caji, nan take ta ture ta, domin caji iri ɗaya ba sa jituwa. Hular ta zagaya wurin ɗaya kwalbar, ita ma ta ja ta, ta sauya mata caji, ta ture. Haka wilin ke juyawa sau 12 zuwa 15 a minti, ba maganaɗisu, ba mai. Franklin mutum ne mai barkwanci, har ya ce za a iya juya tsinken gasa talotalo da shi.

Tambayar da ta dame shi ita ce, shin walƙiya da ɗan tartsatsin kwalbarsa abu ɗaya ne? Ya rubuta yadda za a gwada. Faransawa suka riga shi, domin ranar 10 ga Mayu, 1752, a garin Marly, an ciro tartsatsi daga dogon ƙarfen da Thomas Dalibard ya kafa. A watan Yuni, shi da ɗansa William suka ɗaga kayit na hankicin siliki cikin hadari, da mukulli ɗaure a igiyar. Da igiyar ta jiƙe, ya kai yatsa kusa da mukullin, tartsatsi ya fito. A lura, aradu ba ta faɗa wa kayit ɗin ba. Da ta faɗa, da tarihinsa a nan ya ƙare. A 1753 wani masani, Georg Richmann, ya yi makamancin gwajin a birnin St. Petersburg na Rasha, tsawa ta kashe shi nan take. Saboda haka kada wanda ya ce zai kwaikwaya idan damina ta zo.

Abin da ya fi burge mu shi ne ƙararrawarsa. Ya kafa ƙarfe mai tsini a kan gidansa, ya sauko da waya ciki, ya rataye ƙararrawa biyu, ɗaya haɗe da ƙarfen, ɗaya haɗe da ƙasa, da ɗan ƙwallon tagulla a zaren siliki a tsakaninsu. Da gajimare mai caji ya gifta, sai ƙwallon ya dinga kai da komo yana buga su. Ga na'ura tana motsi, kuma sama ce ke ba ta ƙarfi. Matarsa Deborah kuwa abin tsoro yake ba ta, har sai da ya rubuto mata daga Landan yadda za ta haɗa ƙararrawar biyu da waya su yi shiru.

Daga wannan bincike aka samu sandar kare tsawa da ake kafawa a kan dogayen gine-gine. Bai taɓa yi mata rajistar mallaka ba, ya bar wa kowa.

Ya sa hannu a takardar 'yancin Amurka ta 1776, ya yi jakadanci a Faransa. Yana da tabo ma: ya mallaki bayi shekaru da yawa, sai a ƙarshen rayuwarsa ya shugabanci ƙungiyar yaƙi da bauta. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1790, yana da shekara 84.

Wilinsa bai mutu tare da shi ba. Masana sun gano cewa ko ranar da babu hadari, ƙarfin lantarkin iska yana ƙaruwa da kusan bolt 100 a duk mita ɗaya da ka hau. Wajen 1970, Oleg Jefimenko na Jami'ar West Virginia ya ɗaga waya sama, ya juya ƙaramin inji ɗan gidan wilin Franklin da lantarkin iska kawai. Sai dai abin da ke gangarowa ta wayar ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ya isa ya juya ƙaramin wili a ɗakin gwaji, amma bai isa ya kunna fankar ajinmu ba.