James Griffiths: Leburan Kwal Da Ya Riƙe Al'amuran Nijeriya

Ba kowa ne ya san cewa mutumin da ke riƙe da al'amuran Nijeriya a Landan daga 1950 zuwa 1951 tsohon leburan haƙar kwal ba ne. Sunansa Mista James Griffiths.

An haife shi ran 19 ga watan Satumba, 1890, a ƙauyen Betws cikin ƙasar Wales. Ubansa maƙeri ne, shi ne kuma auta cikin 'ya'ya 10. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta ya shiga ramin kwal. Da karatun dare ya ƙara ilmi, har a 1919 ya sami shiga kwalejin 'yan ƙwadago a Landan. A 1925 ya zama wakilin mahaƙa, a 1934 kuma suka zaɓe shi shugaban ƙungiyarsu ta Kudancin Wales.

A 1936 ya shiga Majalisar Wakilai ta Ingila daga mazaɓar Llanelli a ƙarƙashin Jam'iyyar Leba, ya kuwa riƙe kujerar nan har shekara 34. Da jam'iyyarsa ta kafa gwamnati a 1945, Firayim Minista Attlee ya ba shi Ministan Inshorar Ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dokokin da ya kai gaban majalisa a 1946 su suka tanadar wa ma'aikaci kuɗin jinya da na rashin aiki da fansho. Wanda ya ji rauni a bakin aiki kuma gwamnati ce za ta biya shi diyya, ba sai ya yi ta shari'a da mai kamfani ba.

A watan Fabrairu, 1950, aka mai da shi Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka. Nijeriya duka ta koma hannunsa, har da Mubi, wadda a lokacin take cikin Kamaru ta riƙon amana.

Manyan maganganu biyu ya tarar. Ta farko, a taron Badun na Janairun 1950 wakilan Arewa sun dage sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya. A zamaninsa aka zartar da Tsarin Mulkin Macpherson na 1951, inda Arewa ta sami kujera 68 cikin 136, Gabas da Yamma kowacce 34.

Ta biyu ta fi ɗaci. Ran 18 ga watan Nuwamba, 1949, 'yan sanda sun buɗe wuta kan mahaƙan kwal a Iva Valley kusa da Inugu, suka kashe mutum 21. Rahoton Kwamitin Fitzgerald ya fito yana kan kujera, ya kuma ga baiken jami'in da ya ba da umurnin harbi. Amma ba wanda aka gurfanar gaban shari'a. Mutumin da ya share hawayen leburorin ƙasarsu bai iya nema wa na Inugu haƙƙin jininsu ba.

Daga baya ya zama mataimakin shugaban Jam'iyyar Leba, a 1964 kuma ya zama Sakataren Wales na farko. A ƙarshen 1968, yana da shekara 78, ya zo Nijeriya tare da Lord Brockway neman a tsagaita wuta a yaƙin basasa, amma haƙarsu ba ta cim ma ruwa ba. Ya bar majalisa a 1970, ya mutu ran 7 ga watan Agusta, 1975.