Zubaida 'Yar Ja'afar, Wadda Ta Shayar Da Alhazai

Duk wanda Allah Ya nufa da tsayuwar Arfa, in ya lura, zai ga wata tsohuwar magudanar ruwa ta duwatsu ta bi gindin Dutsen Rahama. Yau ba ko ɗigon ruwa a cikinta. Amma ta shafe fiye da shekara 1,000 tana shayar da alhazai, kuma mace ce ta biya kuɗin gina ta.

Sunanta na yanka Amatul Aziz. Kakanta, Halifa Mansur, wanda ya aza harsashin birnin Bagadaza a shekarar 762, shi ya laƙaba mata Zubaida tun tana ƙarama, wato ɗan curin man shanu. Sunan wasa ya bi ta har ya danne na yanka. Ta auri ɗan baffanta Haruna Rashid, wanda ya hau halifanci a 786, ta haifa masa Muhammadu Amin. Dukiya kuwa ba a magana. Masu tarihi sun ce tana da kuyangi 100 mahaddata Alkur'ani, in suna tilawa sai ka ji fadarta na amo kamar gidan zuma.

Da ta je aikin Hajji sai ta ga abin da ba a gani a bakin kogin Dijla. Makka kwari ce a tsakanin duwatsu, ba kogi, ruwan sama ba ya da yawa, rijiyoyin garin ba sa isar baƙi. An ruwaito cewa babbar salkar ruwa ɗaya ta kai dinari, wato kuɗin zinariya. Mai hali ya saya, talaka ya kwana da ƙishi. Ta tara magina da masana ƙasa ta ce a nemo ruwa. Ma'ajinta ya tsorata da kuɗin da aikin zai ci, ta umarce shi ya yi ko da kowane saran diga zai ci dinari guda.

An fara da Hunaini, inda wata maɓuɓɓuga take shayar da gonaki da dabino. Zubaida ta sayi wurin, aka juya ruwan zuwa Makka, noman wurin ya tsaya. Yara, ku tsaya a nan ku yi tunani. Mutanen Makka sun sha, amma dabinon Hunaini shi ya biya. Ruwan da aka kai wani wuri, daga wani wurin aka ɗauke shi. Abin da za a yaba mata shi ne ba ƙwace ta yi ba, saye ta yi, kuma ran ɗan Adam ta fifita.

Aiki na biyu shi ne wanda ake kira Ainu Zubaida har yau. An faro shi daga Wadi Nu'uman, a gindin duwatsun da ke hanyar Ɗa'ifa. In ruwan sama ya sauka a kan duwatsun, yakan gangaro ya nutse cikin yashi da tsakuwar kwarin, ya kwanta a ƙasa. Sai maginan suka haƙa hanya a ƙarƙashin ƙasa, suka jera mata duwatsu yadda ruwan zai riƙa tsatsowa ciki. Suka ba ta ɗan gangare kaɗan, ruwa ya riƙa tafiya da kansa zuwa Arfa, ya wuce Muzdalifa, ya tsaya kusa da Mina. Ba inji, ba mai, ba hayaƙi. A kan hanyar akwai ramuka kamar rijiyoyi, ta nan ma'aikata suke sauka su yashe laka. Tun da ruwan a rufe yake tafiya, zafin rana bai cika shanye shi ba.

Hikimar da ta fi burge ni ita ce wannan: irin wannan magudana ba ta iya ɗibar abin da ya wuce wanda ƙasa ta tara. Shekarar da aka yi ruwa ta cika, shekarar fari ta ragu, mutane su san sai an yi tattali. Iyaye za su iya nuna wa yaro haka da randar gida: a bar shi ya ƙirga moɗa nawa ake ɗiba a wuni, bokiti nawa ake zubawa, ya faɗi ranar da za a ga gindin randa in ɗiba ta fi zubi.

Haka kuma ta kashe dukiya a kan hanyar alhazan Iraƙi, daga Kufa zuwa Makka, tafiyar fiye da kilomita 1,300 cikin hamada. Halifofin da suka gabata ne suka fara aikin, ita ta ƙara rijiyoyi da masaukai da manyan tafkuna na dutse masu matakala, waɗanda ke tare ruwan sama. Wasu an yi musu ƙaramin tafki a gaba, inda laka ke kwantawa kafin ruwan ya shiga babban. Shi ya sa hanyar ta ɗauki sunanta.

Ƙarshen rayuwarta bai zo da daɗi ba. Haruna ya rasu a 809, ɗanta Amin ya gaje shi, yaƙi ya tashi tsakaninsa da ɗan'uwansa Ma'amun, aka kashe Amin a 813. Ba ta nemi fansa ba, ta yi sulhu da Ma'amun, shi kuma ya girmama ta. Ta rasu a Bagadaza a 831, wato 216 bayan Hijira. Allah Ya jiƙanta.

Magudanar ta sha toshewa, ana gyarawa. A zamanin Usmaniyya wata macen ce kuma, Mihrimah 'yar Sarki Sulaiman, ta ɗauki nauyin gyara ta da ƙarasa ta cikin Makka. Sai a ƙarni na 20 ta kafe. An haƙa rijiyoyi da yawa a Wadi Nu'uman, injuna suka riƙa zuƙo ruwa fiye da yadda sama ke mayarwa, ruwan ƙasa ya yi nisa, ga ɓarnar ambaliya da ƙarancin gyara. Yawancin ruwan da ke zuba a famfunan Makka yanzu daga Bahar Maliya yake: a Shu'aiba ake cire masa gishiri da injuna masu cin makamashi mai yawa, sannan a turo shi ta bututu.