Marigayi Gus Grissom, Ɗan Sama Jannatin Da Tashar Kano Ta Bi Sawunsa

Ba kowa ne ya san cewa Kano tana da hannu a cikin tarihin tafiyar ɗan Adam zuwa duniyar wata ba. A shekarar 1960 Gwamnatin Nijeriya da ta Amurka suka ƙulla yarjejeniyar kafa tashar bin sawun kumbo a Kano. Dalili kuwa shi ne, saƙon rediyo a miƙe yake tafiya, ita kuma duniya a dunƙule take, don haka sai an jera tasoshi a kewayenta, in kumbo ya ɓace wa wannan, waccan ta karɓa. Cikin waɗanda tashar ta yi wa aiki har da marigayi Virgil Ivan Grissom, wanda aka fi sani da Gus.

An haife shi ran 3 ga watan Afrilu, 1926, a garin Mitchell na Jihar Indiana, inda mahaifinsa yake aikin jirgin ƙasa. Ya sami digirin injiniya a Jami'ar Purdue a 1950, sa'an nan ya shiga rundunar mayaƙan sama, ya kai hari sau ɗari a yaƙin Koriya. A watan Afrilun 1959 Hukumar Binciken Sararin Samaniya, wato NASA, ta zaɓe shi cikin mutum bakwai na farko da za ta aika sama.

Ran 21 ga watan Yuli, 1961, ya yi tafiyarsa ta farko, ta minti goma sha biyar. Da kumbon ya faɗo cikin teku, sai ƙofarsa ta ɓalle tun kafin lokaci, ruwa ya kwararo ciki. Kumbon ya nutse, shi ma da ƙyar jirgi mai saukar ungulu ya tsamo shi, don rigarsa ta cika da ruwa. Nan fa tsegumi ya tashi, wai tsorata ya yi ya buga maɓallin. Binciken hukuma bai same shi da laifi ba. A 1962 kuma abokin aikinsa Wally Schirra ya buga irin wannan maɓalli da gangan, ya ji ciwo a hannu, alhali ba a ga irin ciwon a hannun Grissom ba. Sai a 1999 aka ciro kumbon daga ƙarƙashin teku.

Hukumar ba ta janye amincewarta ba. Ran 23 ga watan Maris, 1965, ya shugabanci kumbon Gemini 3 tare da John Young, suka kewaya duniya sau uku cikin ƙasa da awa biyar, tashar Kano tana cikin masu bin sawunsu. A wannan tafiya ce aka fara ganin matuƙi ya sauya wa kumbonsa hanya da kansa a sararin samaniya, kuma in ba da wannan fasaha ba, babu mai zuwa wata ya dawo.

Daga nan aka naɗa shi shugaban tafiyar farko ta shirin Apollo. Da yake injiniya ne, ya sha kokawa da kurakuran da yake gani a aikin, amma gaggawar riga Tarayyar Sobiyat isa wata ta sa aka ci gaba. Ran 27 ga watan Janairu, 1967, ana cikin gwaji a Cape Kennedy, kumbon yana ƙasa bai ko tashi ba, wuta ta kama a cikinsa. An cika shi da zallar iskar oksijin, wadda ke ruruta wuta, ƙofar kuma ciki take buɗewa, matsin iska ya danne ta. Grissom da Ed White da Roger Chaffee duk suka rasu. Ya bar duniya yana da shekara arba'in, ya bar mata da 'ya'ya biyu maza.

Wannan rashi ne ya tilasta aka sake ƙera kumbon, aka yi masa ƙofa mai buɗewa waje cikin 'yan daƙiƙoƙi, aka kuma cire kayan da ke saurin kama wuta. Irinsa ne ya kai Neil Armstrong da abokansa wata a watan Yulin 1969.

Har yau ɗan Adam bai taka duniyar Mars ba, na'urori masu sarrafa kansu ake aikawa. A watan Janairun 2004, bayan na'urar Spirit ta sauka a can, NASA ta raɗa wa waɗansu tsaunuka uku da ta hango sunayen mamatan, ɗaya daga ciki Tsaunin Grissom.

Darasin rayuwarsa ga ma'aikata da ɗalibai a fili yake. Gyaran da aka ƙi yi saboda gaggawa, sai da aka yi shi bayan an rasa rayuka uku, tafiyar kuma ta tsaya fiye da shekara ɗaya da rabi. Rigakafi ya fi magani.