Charles Wheatstone, Mutumin da Ya Fid da Ni Kunyar Furojet

Hutun da ya wuce a gida na yi shi, Magama Jibiya, da furojet rataye a wuyana. An ba ni zanen kwamfuta irin na SVG, wanda layuka ne da lissafi zalla, ba ɗigo-ɗigo kamar hoton waya ba, aka ce in mayar da shi hoto mai zurfi, irin wanda ake kallo da tabarau mai ja da shuɗi. Sati biyu ina kwafar zanen ina tura kwafin gefe, amma hoto na nan shimfiɗe kamar tabarma. Garin neman dalili na ci karo da Charles Wheatstone.

'Yan sashen lantarki za su ce ai sun san shi, mai gadar auna turjiyar lantarki. To, gadar nan ba ma shi ya ƙirƙiro ta ba. Samuel Hunter Christie ne a 1833. Shi dai ya yayata ta a 1843, kuma bai ɓoye mai ita ba.

An haife shi a 1802 kusa da Gloucester a Ingila, cikin dangin masu sana'ar kayan kiɗa. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi Landan koyon sana'ar wajen ɗan'uwan mahaifinsa, amma hankalinsa na kan littafi. Bai yi jami'a ba, duk da haka a 1834 ya zama farfesa a King's College. Ga shi da kunya ta fitar hankali, har Michael Faraday ne kan tsaya gaban jama'a ya bayyana wasu bincikensa. A 1837 shi da William Cooke suka yi rajistar na'urar tangarahu, daga baya suka yi ta sa-in-sa kan wanda ya fi cancantar yabo.

Abin da ya shafe ni ya zo a 1838. Ya nuna wa Royal Society cewa idanun mutum biyu ba hoto ɗaya suke gani ba, tunda akwai tazarar kamar santimita 6 tsakaninsu, kuma daga wannan ɗan bambancin ƙwaƙwalwa ke gane kusa da nesa. Ya haɗa madubai biyu, kowane yana kai wa ido ɗaya zanensa. Ku lura fa, sai 1839 aka sanar da duniya fasahar ɗaukar hoto. Da hannu aka zana masa siffofi irin su akwati, layuka kawai, ba launi ba inuwa, da gangan, don kada wani ya ce inuwar ce ta kawo zurfin. Wallahi da na ga haka sai da na yi dariya. Ashe fayil ɗina ne a takarda.

Da yamma na fita bakin iyaka inda manyan motoci ke layin shiga Maradi. Na ɗaga babban yatsa, na rufe ido ɗaya, na sauya. Yatsa ya yi tsalle sosai, motar kusa ta ɗan gusa, ta can ƙarshen layi kuwa ko motsi. Nan na gane wautata: ni gaba ɗayan zanen nake turawa da awo ɗaya. Na koma na raba shi hawa-hawa, na gaba tazara mai yawa, na baya kaɗan, na rina kwafi ɗaya ja, ɗaya shuɗi mai ratsin kore. Ƙanena ya sa tabarau ya kai hannu zai taɓa.

Shi kuwa mai abin bai ci ribar na'urarsa yadda ya kamata ba. David Brewster ya fito da ƙarama mai gilashi, ita ta yi farin jini a baje kolin Landan na 1851, har ya riƙa ja da Wheatstone a jarida kan asalin tunanin. Haka dabarar rubutun sirri da ya ƙirƙiro a 1854, sunan abokinsa Lord Playfair ta ɗauka. An ba shi lambar Sir a 1868, ya rasu a Paris ranar 19 ga Oktoba, 1875.