MARIGAYI ALHAJI ABUBAKAR IMAM: ƊAN KAGARA MA'ABOCIN TAKARDA DA TAWADA

Kamar yadda muka saba a kowace shekara, mukan keɓe wasu shafuka na wannan mujalla domin tunawa da ɗaya daga cikin magabatanmu da suka ɗaukaka sunan garinmu. A bana mun ga ya dace mu waiwayi rayuwar marigayi Alhaji Dakta Abubakar Imam, Allah ya jiƙansa da rahama. Da wuya a sami wanda ya shiga aji a ƙasar Hausa bai ji sunansa ba, sai dai mafi yawanmu a marubucin hikayoyi kawai muka san shi. Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika ambata ba, wato shekarun da ya shafe yana kai da kawowa tsakanin teburin edita da ɗakin injin ɗab'i. Wannan ɓangare shi muke son mu fi tsayawa a kansa, musamman da yake a yau muna da 'yan'uwa da ke cin abinci da sana'ar buga takardu a Minna da Kaduna da Zariya da Abuja.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Abubakar Imam a Kagara a shekarar 1911, a gidan ilimi da shari'a. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka da allo da tawadar zuge ya fara buɗe ido. Yayansa shi ne Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina. A Katsina Abubakar ya yi karatun boko, inda ya shiga Kwalejin Horon Malamai a 1927 ya kammala a 1932, daga nan aka ɗauke shi aikin koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dakta R. M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafai biyar da aka zaɓa aka buga, biyu daga gida ɗaya suka fito: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa. Wannan abin alfahari ne da ya kamata kowane ɗan Kagara ya sanar da 'ya'yansa. Ganin irin hazaƙarsa ya sa aka aro shi zuwa Zariya a 1936, inda ya zauna kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku. Ya tsamo labarai daga taskar Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sake musu riga da wando, har mai karatu ya ɗauka a bayan gidansu abin ya faru.

Shigarsa Aikin Jarida

A ƙarshen shekarun 1930 gajimaren yaƙi ya fara haɗuwa a ƙasashen Turai, a nan gida kuma jita-jita ta cika kasuwanni cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Gwamnatin mulkin mallaka ta ga babu abin da zai kashe ƙarya sai jaridar da mutane za su karanta da harshensu. Ta haka aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, aka kuma ɗauko Malam Abubakar Imam daga aji aka ba shi aikin edita. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, kuma daga nan ta samo sunanta.

Wanda bai taɓa leƙa maɗaba'a ba zai zaci aikin edita shi ne ya zauna ya yi rubutu ya miƙa. A wancan zamani kuwa rubutu somin taɓi ne. Babu kwamfuta, baƙaƙen da ake bugawa da su na dalma ne, ana jera su a juye, layi bayan layi, har shafi ya cika, sannan a ɗaure shi tamau cikin ƙarfe. Daga nan sai a shafa tawada a buga gwaji guda a kawo wa edita ya bi shi baƙi bayan baƙi. In ya ga kuskure a mayar a kwance a gyara, a sake kawo masa. Idan labari ya fi gurbinsa tsawo dole a rage shi ba tare da an yanke masa ma'ana ba, idan kuma ya gaza a nemo abin cike gurbi. Duk wannan ana yinsa ne rana tana tafiya, domin jirgin ƙasa da motar gidan waya ba sa jiran kowa.

Bugu da ƙari, a lokacin ba a daɗe da daidaita rubutun Hausar boko ba. A cikin shekarun 1930 ne aka amince da baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda babu su a akwatin baƙaƙen Ingilishi, sai an tanade su musamman. Kowa ya san tazarar da ke tsakanin ƙafa da kafa, ko ɓata da bata. Tsayuwar da Imam da abokan aikinsa suka yi a kan waɗannan ƙananan abubuwa, fitowa bayan fitowa, ita ta sa idon jama'a ya saba da ƙa'idar rubutun da muke amfani da ita har yau.

Jarida a Lokacin Yaƙi

Jaridar ba ta cika shekara ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a watan Satumban 1939. Takarda da tawada daga ƙetare ake kawo su ta jirgin ruwa, yaƙi kuwa ya sa hanyar teku ta zama mai hatsari, don haka kowane falle ya zama abin tattali. A daidai wannan lokaci ne kuma ƙishirwar labari ta ƙaru, saboda an kwashi samarinmu aikin soja zuwa Gabashin Afirka da Bama, iyaye suna son jin halin da ake ciki. Sau da yawa kwafi ɗaya yakan zagaya unguwa guda: wanda ya iya karatu ya zauna a zaure ko gindin bishiya ya karanta da ƙarfi, saura su kasa kunne.

Sanin cewa yawancin masu amfana da jaridar da kunne suke karɓarta ya sa Imam ya riƙa rubutu kamar mai hira, da Hausa mai sauƙi da karin magana da raha. Ya kuma buɗe ƙofa ga wasiƙun masu karatu, abin da ya ba malamin makaranta da akawun En'e da ɗan kasuwa damar faɗin abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. A nan ne nauyin aikin yake. Jaridar ta gwamnati ce, sarakuna suna da ƙarfi, talakawa kuma suna da koke. Edita yana tsaka mai wuya: in ya yi shiru jama'a su juya wa jaridar baya, in ya zafafa a rufe masa baki. Imam ya bi da hikima, yana faɗin gaskiya cikin ladabi, yana jan kunne ba tare da ya ci mutuncin kowa ba.

A shekarar 1943 yana cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila, tare da Dakta Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugga, tsohon Gwamnan Nijeriya, ya bayyana masa damuwar matasan Arewa masu ilimi game da yadda ake tafiyar da mulki. Labarin wannan tafiya shi ya zuba a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, wanda ya zama babbar maɗaba'ar Arewa kuma makarantar da masu ɗab'i da yawa suka koyi sana'a. Jaridar da ya rena tun tana jaririya ta yi fiye da shekara 60 tana fitowa.

Sauran Ayyukansa da Rasuwarsa

Bayan fiye da shekara goma yana riƙe da jaridar, ƙasa ta buƙace shi a wasu fagage. Yana cikin waɗanda suka yi fafutukar kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya zauna a majalisar dokoki a farkon shekarun 1950, sannan ya shiga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa har ya zama shugabanta. Duk da haka bai taɓa ajiye alƙalami ba, domin ya rubuta littattafan addini da na tarihi da na ilimin kimiyya, daga bisani kuma ya koma harkar littattafai a kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966. Jami'ar Ibadan ta karrama shi da digirin girmamawa. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar Juma'a, 19 ga watan Yunin 1981, yana da shekara 70.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Zamani ya sauya, kwamfuta ta maye gurbin dalma, amma wahalar sana'ar tana nan. Ɗan'uwanmu mai ƙaramar maɗaba'a a birni yakan wayi gari da lissafin kuɗin takarda da man janareta. Ga mai katin ɗaurin aure da ya zo ranar Alhamis yana son aikinsa kafin sallar Juma'a, ga makarantar da ta karɓi takardun jarrabawa bashi, ga ɗan siyasar da ya kwashi fosta ya yi ɓatan dabo. Kakarsa ita ce ƙarshen shekara lokacin kalanda, da kuma lokacin zaɓe, sauran watanni sai haƙuri. Cikin wannan matsi, abin da ake fara yarwa shi ne duba aiki kafin a buga. Shi ya sa muke ganin katin biki da sunan ango a karkace, da littafin addu'a da aka cire wa baƙaƙe lanƙwasa har ma'ana ta juye.

Muna kira ga 'yan'uwanmu masu wannan sana'a da su ɗauki halin magabacinsu, su sani cewa abin da aka buga ya fi mai bugawa tsawon rai. Mu kuma sauran 'yan gari, haƙƙi ne a kanmu mu kai musu aikinmu, mu biya su a kan lokaci, mu tura musu yaranmu su koyi sana'a. Haka nan muna roƙon masu hali da su sayi littattafan marigayin su aika wa makarantun gida, domin abin kunya ne a ce yaro ya tashi a Kagara bai taɓa riƙe Magana Jari Ce a hannunsa ba.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam da iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya zaunar da garinmu lafiya, ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.