Oleg Losev: Mutumin da haskensa ya isa Lolo, sunansa bai iso ba

A Lolo, garin da ke kan iyakar Najeriya da Benin a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, tocila abokiyar dare ce. A latsa sau ɗaya ta haska da ƙarfi, a sake latsawa hasken ya ragu domin batir ya kai asuba. Tarihin ɗan ƙwan LED da ke cikinta yana komawa ga wani Barashe da yunwa ta kashe yana da shekara 38.

An haifi Oleg Losev a birnin Tver na Rasha a 1903. Mahaifinsa tsohon hafsan soja ne na zamanin sarauta, kuma bayan juyin juya halin 1917 irin wannan asali ya zama tabo. Losev bai kammala jami'a ba. A 1920 ya samu ƙaramin aiki a ɗakin binciken rediyo na Nizhny Novgorod, inda yake gwada duwatsun da ake kama tashoshi da su a wancan zamani.

A nan ya lura cewa dutsen kaborandam yana fitar da ɗan haske idan lantarki ya ratsa mahaɗarsa da waya. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Round, ya ga haka tun 1907, amma bai bi sawu ba. Losev kuwa ya tsaya a kai shekara da shekaru. Ya nuna cewa hasken ba daga zafi yake fitowa ba, saɓanin ƙwan lantarki mai zare da sai ya yi ja kafin ya haska. Ya kuma gano cewa ana iya kunna shi a kashe sau dubbai cikin sakan guda, har ya yi wa wata na'urar aika saƙo da haske rajista da sunansa.

Wannan saurin ne ake cin moriyarsa a tocila da yawa yau. Ana iya rage haske ta hanyar taƙaita lantarkin da ke shiga ƙwan, sai dai wani kaso na ƙarfin batir yana salwanta ya zama zafi. Wata dabarar kuma ita ce wata 'yar na'ura ta riƙa kunna ƙwan tana kashewa da saurin da ido ba ya iya bi. Idan rabin lokaci a kashe yake, ido zai ga haske mai laushi kawai.

Ƙasarsa ba ta ba shi kujerar farfesa ko tawagar bincike ba. Sai a 1938 aka ba shi digirin bincike bisa ayyukan da ya wallafa, lokacin yana ƙaramin ma'aikaci a wata kwalejin likitanci a Leningrad. Sojojin Hitler sun yi wa birnin ƙawanya a Satumban 1941, Losev ya rasu da yunwa a Janairun 1942. Ba a san kabarinsa ba.

Shekara 20 bayan haka Nick Holonyak ya ƙera jan LED a Amurka, a 2014 kuma wasu masana uku 'yan asalin Japan suka karɓi kyautar Nobel kan shuɗin LED, tushen farin hasken tocila. Darasin Losev ya shafe mu: ƙasar da ke auna matashi da asalinsa ko takardarsa, ba da abin da hannunsa ya iya ba, ita ke tafka asara. Matasan da ke kwance tocila da rediyo suna gyarawa a kasuwanninmu sun cancanci ɗakin gwaji da makarantar sana'a mai kayan aiki.