Malam Zaki: Malamin da ya ci Birnin Gazargamu, ya kafa Masarautar Katagum

Malam Ibrahim Zaki, wanda ake yi wa laƙabi da Zakiyul Ƙalbi, yana cikin malaman da suka karɓi tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo bayan jihadin da ya fara a 1804. Filin dagarsa shi ne ƙasar da ke tsakanin Kano da Borno, inda tsofaffin sarautun Shira da Tashena suke. Ya rinjaye su, ya mayar da Tashena sansaninsa.

Babbar jarrabawarsa ita ce Borno. A 1808 Gwani Muktar ya kame Birnin Gazargamu, fadar sarakunan Borno, amma Mai Dunama ya ƙwato birnin da taimakon Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, aka kashe Gwani Muktar. Ba a daɗe ba Malam Zaki ya ja dawakinsa gabas, ya sake cin birnin. Sai dai cin gari daban, riƙe shi daban. Yana nesa da gida, mutanen ƙasar ba su miƙa wuya ba, ƙarfin al-Kanemi kuma yana ƙaruwa. Tilas ya janye. Gazargamu ba ta sake zama fadar Borno ba, shi kuwa ya dawo da sarautar Sarkin Borno, wadda magadansa suka ci gaba da amsawa.

Daga nan ya karkata ga aikin mulki. Ya gina garin Katagum kusa da kogin Jama'are, ya mai da shi mazaunin sarauta, ya ɗora danginsa da manyan mabiyansa a kan gundumomi domin tsare iyaka da tara haraji. Ya rasu a 1814.

Ginin nan ne ya ɗore. A watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton ya sauka Katagum, ya tarar da gari mai ƙaƙƙarfar ganuwa da dakaru masu yawa. Turawa sun shigo ƙasar a 1903, daga baya fadar ta koma Azare, inda Sarkin Katagum yake zaune har yau. Tsohon garin Katagum kuwa yanzu shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki ta Jihar Bauchi, wadda ke ɗauke da sunansa.